Yaushe Ƙarfin Ɗan Sanda Ke Zama Fiye da Kima a Idon Doka?

Doka ta yarda ɗan sanda ya sa ƙarfi in aiki ya buƙaci hakan, amma ta yi masa iyaka. Kundin ɗa'ar jami'an tsaro da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1979 ya ce a sashe na 3: ba a sa ƙarfi sai ya zama dole, kuma gwargwadon abin da aikin ke buƙata. Duk abin da ya haura wannan, shi ake kira ƙarfi fiye da kima.

Mutane da yawa na auna lamarin da girman rauni. Kotu kuwa dalili take nema. Ana iya karya wa mutum hannu a kokawar ƙwace wuƙa, kotu ta ce babu laifi. Mari ɗaya kuma ga wanda ke ɗaure da ankwa yana zaune shiru, tuni an taka doka.

Ma'aunin da aka fi ambata ya fito ne daga Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Graham da Connor ta 1989. Graham mai ciwon suga ne. Ciwon ya taso masa, ya shiga kanti ya fito a guje, 'yan sanda suka zarge shi, suka kama shi da ƙarfi har ƙafarsa ta karye. Kotun ta ce a duba abu uku: girman laifin da ake zargi, ko mutumin barazana ne nan take ga jami'in ko jama'a, da ko yana turjiya ko ƙoƙarin tserewa. Ana yin awon ne da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, ba da abin da aka gano daga baya ba. Niyya ba ta shiga lissafi, don haka "ban yi nufin cutar da shi ba" ba ta wanke kowa.

Batun bindiga ya fi tsauri. A shari'ar Tennessee da Garner ta 1985, wadda ta taso daga harbe wani yaro ɗan shekara 15 marar makami yana tsallake shinge a Memphis, kotun ta ce gudu kaɗai bai halatta kisa ba. Sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa mai gudun zai kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Havana a 1990 sun ƙara da cewa jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokacin jin gargaɗin in hali ya bari, sannan a gaggauta kai wanda aka raunata asibiti. Umarnin shugaban jami'i ba uzuri ba ne in haramcinsa a fili yake kuma jami'in na da damar ƙin bi.

A ganina, inda aka fi tafka kuskure shi ne rashin sanin lokacin tsayawa. Ƙarfin da ya halatta a farkon kamu yana haramta da zarar turjiya ta ƙare. Kwantar da mutum rub da ciki, hannu ɗaure a baya, a danne masa baya ko wuya, yana hana ƙirji buɗewa, numfashi ya gagara. George Floyd ya mutu a Minneapolis a 2020 bayan an danne masa wuya da gwiwa fiye da minti tara, kotu kuma ta yanke wa jami'in ɗaurin shekara 22 da rabi.

Duk wanda ɗan sanda ya sa wa ƙarfi fiye da kima, ya kamata ya je asibiti a ranar, ya karɓi rahoton likita a rubuce, ya ɗauki hoton raunukan kafin su warke. Ya rubuta lokaci, wuri, lambar jami'in ko ta motarsu, da sunayen shaidu. A ajiye bidiyo yadda aka ɗauke shi, kada a yanke, domin abin da ya faru kafin a kai hannu shi ne lauyoyi za su fi jayayya a kai. A kuma nemi lauya da wuri, saboda shigar da irin wannan ƙara yana da wa'adi, kuma wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.