Rekod ɗaya tak kake nema, me ya kai ka kwaso tebur gaba ɗaya?

Akwai wani abu da nake yawan gani a kod ɗin masu koyon haɗa manhaja, kai har da wasu da suka daɗe a harkar, kuma gaskiya yana sosa min rai. Mutum yana so ya nuna bayanin ɗalibi ɗaya a shafi, ID ɗin ɗalibin yana hannunsa, amma sai ya ce wa databes a ba shi duka ɗaliban, su sauko ta intanet kaf ɗinsu, sannan ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya yana dubawa har ya iso kan wanda yake so, sauran kuma ya watsar. Lokacin gwaji da rekod goma lafiya lau, shafi na buɗewa nan take, kowa na ta murna. Matsalar sai mutane sun fara shigowa.

A databes na kilawud ba jinkiri kaɗai za ka sha ba, lissafi ake maka. Firestore na Google duk dokumen, wato rekod, da ka karanta sai ya ƙirga maka shi, kuma abin da yake bayarwa kyauta a rana karatu 50,000 ne. To ka ɗauka kana da ɗalibai 5,000 kuma duk buɗe shafi sai ka kwaso su duka, sau 10 kawai za a buɗe shafin nan kason ranar ya ƙare, alhali da ta mabuɗi, wato ID ɗin ɗalibin, ka bi, karatu 10 ne jimla. A DynamoDB na Amazon ma haka ne, Scan yana bin tebur ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma ko ka sa masa matata, abin da ya karanta ake caje ka, ba abin da ya rage bayan tacewa ba. Mutum ne da adireshi a aljihu amma yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a layin.

Shi kiran ɗauko rekod ɗaya ta ID ba wani abu ba ne, layi ɗaya ne. A Firestore da JavaScript:

`const sakamako = await getDoc(doc(db, "dalibai", id));`

Shi ke nan fa. DynamoDB yana da GetItem, MongoDB yana da findOne a kan `_id`, Cosmos DB na Microsoft yana da karatu kai tsaye da id haɗe da mabuɗin rabo (gurbin da ake rarraba bayanai kashi-kashi da shi), wanda a wajensu shi ne karatu mafi araha, RU 1 ga rekod mai girman 1 KB, RU ɗin shi ne ma'aunin da suke caji da shi. Duk wanda ya buɗe takardun bayanin kamfanin zai iya kwafo layin a minti biyu. Inda ake faɗuwa shi ne abin da ke biyo bayan layin, musamman ranar da rekod ɗin babu shi.

Kowane databes da yadda yake cewa babu, kuma yawancinsu ba sa ɗaukar hakan a matsayin kuskure, ba za su yi maka ihu ba. Firestore zai miƙo maka sakamako kamar komai ya tafi daidai, kai ne za ka tambaye shi ko akwai. MongoDB zai ba ka null, wato ba komai. DynamoDB zai dawo da amsa mai kyau, lamba 200, amma babu Item a ciki, idan ka miƙa hannu kai tsaye ka ce ba ni sunan da ke cikin Item sai manhajar ta faɗi. Cosmos shi 404 yake cewa, kuma a .NET jefo maka kuskuren yake yi sai ka tare. Supabase kuma, wani dandalin databes na kilawud, ya raba abin biyu, `single` zai ba ka kuskure mai lamba PGRST116 in bai samu layi ɗaya cif ba, `maybeSingle` kuma zai ba ka null in babu komai. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗaya, da tsohuwar ɗabi'arsa yake zuwa, nan ake samun matsala.

Bari in nuna wani ƙaramin tarko da ya kama mutane da yawa. Da, a tsohon SDK na Firebase na yanar gizo, wato tarin kod ɗin da Google ke bayarwa don magana da Firestore, `sakamako.exists` ake rubutawa, ya ba ka eh ko a'a. Da aka fito da na 9 a 2021 sai ya koma fankshin, dole ka kira shi, `sakamako.exists()`. To ka ga mutum ya sabunta komai ya bar wannan layin yadda yake ba baka biyun nan `()` a ƙarshe, JavaScript kuma ba zai ce masa uffan ba, saboda fankshin a wajensa gaskiya ne ko yaushe, don haka sharaɗin kullum wucewa yake, ko akwai dokumen ko babu. Sai a gangaro layi na gaba a kira `data`, ya dawo da undefined, a nemi suna a cikin undefined, shafi ya yi fari fat. Kuma abin haushin ba kullum yake faruwa ba, sai ranar da wani ya danna tsohon link na rekod ɗin da aka goge. Ƙarin ruɗani, Admin SDK na Node da ake amfani da shi a saba, wato kwamfutar da ke yi wa manhaja aiki a bayan fage, har yanzu `exists` ne ba baka, wato a aiki ɗaya za ka iya samun rubutu iri biyu kuma kowanne daidai ne a mazauninsa.

A ganina fankshin ɗin da ke ɗauko rekod ɗaya amsa uku ya kamata ya sani, kuma kar ya cakuɗa su: ga shi, babu shi, ko ban iya tambaya ba. Na ukun nan shi ake yawan haɗiyewa. Sai ka ga an naɗe komai cikin try da catch masu tare kuskure, duk abin da ya faru a dawo da null, wato netwok ya yanke null, ba ka da izini null, rekod babu null. Sai mai amfani da manhaja ya ga an rubuta masa ba a samu asusunka ba alhali data ce ta ƙare masa, hankalinsa ya tashi a banza. Mafi muni, kod ɗin da ke cewa in babu to ƙirƙiri sabo, ranar da netwok ya yi gardama sai ya rubuta sabon rekod fanko a kan na gaske.

Sai maganar shi mabuɗin. DynamoDB ba ya karɓar rabin mabuɗi, in teburinka yana da mabuɗin rabo da na jeri (wanda ake jera rekod da shi a cikin kowane rabo) to GetItem duka biyun yake so, in na rabo kawai gare ka sai dai Query, wato bincike. Kuma nau'i ma sai ya dace, 42 a matsayin lamba daban, "42" a matsayin rubutu daban, shi dai DynamoDB yana da kirki a nan, zai ce maka mabuɗin bai dace da tsarin tebur ba. MongoDB kam shiru zai yi. ID ɗin da ya zo maka daga adireshin shafi rubutu ne mai haruffa 24, wanda ke cikin databes kuma ObjectId ne mai bayit 12, a ido iri ɗaya ne sak, amma in ba ka juya shi ba findOne null zai ba ka, kana kallon rekod ɗin ƙuru-ƙuru a Atlas, dandalin MongoDB na kilawud, kod ɗinka na rantsuwa babu shi. Cosmos ma in id daidai ne amma mabuɗin rabo ba daidai ba, 404 ɗin dai za ka gani. Firestore kuma ba ya yarda da alamar / a cikin ID, don ita ce ke raba hanya, saboda haka duk abin da mutum ya rubuta da hannunsa ka duba shi kafin ka maida shi ID.

To in ba ka da ID fa, imel kawai gare ka? Nan kam dole bincike, ka sa sharaɗi ka sa iyaka ɗaya, ka kuma tabbata akwai indes, wato jerin da ke saurin kai databes ga abin da ake nema, a kan gurbin. Amma ka sani iyaka ɗaya ba ta nufin guda ɗaya ne a ciki, in imel ɗin ya maimaitu na farkon da ya samu zai miƙo maka ya yi gum. Firestore ba shi da dokar hana maimaici a kan gurbi, abin da kawai ba ya maimaituwa shi ne ID, shi ya sa wasu ke buɗe wani rukuni daban da imel ɗin ne ID, cikinsa kuma ID ɗin mutum, karatu biyu kenan amma kowanne kai tsaye. A DynamoDB indes na biyu, GSI, ba ya amsa GetItem sam, Query ne kawai ko Scan. Don haka nake cewa tun kafin a ƙirƙiri tebur a zauna a tambayi kai, da me zan riƙa neman abin nan kullum? Amsar ita ce mabuɗinka.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sabbi ba, abin da ka ɗauko ba lallai ne ya zama na yanzu-yanzu ba. GetItem na DynamoDB in ba ka ce komai ba yana iya karantowa daga kwafin da sabon rubutu bai iso ba tukuna, yawanci cikin daƙiƙa guda komai ya daidaita, amma in ka rubuta ka karanta nan take kana iya ganin tsohon. Maganin shi ne `ConsistentRead: true`, sai dai ninki biyu yake ci. Lissafinsu da 4 KB ake yi, rekod mai 10 KB ana ɗaukarsa 12 KB, wato a ma'aunin cajin karatunsu da ake kira RCU, 3 ne in ka nemi tabbas, 1.5 in ba ka nema ba. Kuma kar ka ce ai gurbi biyu kawai na zaɓa da ProjectionExpression, wannan nauyin da ke bin waya kawai yake ragewa, caji na nan a kan girman rekod ɗin duka. Ni dai ga hoton furofayil ko sunan mutum ba na damuwa da tabbas, amma duk abin da za a yanke hukunci a kansa, kamar ragowar kuɗi a asusu, sai na nema. Firestore na waya kuma nasa salon daban, in ba netwok zai iya ba ka abin da ya ajiye a wayar, ka duba `fromCache` a cikin metadata in kana son sani, ko ka kira getDocFromServer in lallai daga saba kake so.

Tsaro kuma a gaggauce, don shi kaɗai rubutu ne guda. Sanin ID ba izini ba ne. In shafinka yana ɗauko rekod 1041, wani zai canza ya sa 1042 ya gani, wannan ba sai gwani ba. Dokokin Firestore sun raba `get` da `list`, kana iya barin mutum ya ɗauko nasa ka hana shi jero na kowa, amma fa Admin SDK tsallake dokokin nan yake yi gaba ɗaya, in daga saba kake kira kai ne mai gadi. A Supabase kuma in RLS, wato tsarin dokar wa zai ga wane layi, ya hana mutum ganin layi ba ya cewa an hana, fanko kawai yake dawowa, kamar babu.

Na ƙarshe, kar daɗin ɗauko ɗaya ya kwashe ka ka sa shi cikin zagaye, ID 80 kira 80 kowanne na jiran na gabansa ya je ya dawo. Admin SDK na Firestore yana da getAll, MongoDB yana da `$in`, DynamoDB yana da BatchGetItem da ke ɗaukar mabuɗi har 100 ko 16 MB a kira ɗaya. Shi BatchGetItem ba ya dawo da su a jeren da ka aika, kuma wani lokaci ba duka yake kawowa ba, sauran yana zuba su a UnprocessedKeys, sai ka ɗan jira ka sake aika waɗannan.