Na ware kwanona da kofina, amma na rufe taga

Wata huɗu na yi ina tari kafin na yarda a duba kakina. Waɗannan watanni huɗun ne har gobe suke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kabeji da karas nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma duk wanda ya taɓa fita da asuba a Jos cikin Disamba ya san irin sanyin da ake sha. Da tarin ya fara, sai na ɗora wa hunturu laifi. Na sha maganin tari kwalba-kwalba, na sha citta da kanumfari, mai kemis ya haɗa mini kafso har sau uku. Ga gumi yana jiƙa mini riga da tsakar dare cikin wannan sanyin, ga wando yana zamewa daga ƙugu, duk na ce wahalar kasuwa ce.

Ranar da uwargida ta ga jini a tsumman da nake tofa kaki, ta ce, "Malam, anya ba tarin fuka ba ne?" Na daka mata tsawa. Amma maganar ta shige ni, don haka a ranar na ware kwanona da cokalina da kofina, na hana yara taɓawa. A ganina na gama kare iyalina. Da dare kuwa mu huɗu a ɗaki ɗaya, taga a garƙame, har da tsumma nake cusawa a ƙarƙashin ƙofa kada iska ta shigo ta ƙara mini tari.

Yayana ne ya tasa ni gaba zuwa asibitin gwamnati. Aka ba ni 'yar roba na tofa kaki, aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko tana jin magani. Ko sisi ban biya ba, ni da na ƙarar da ribar buhuna nawa a kemis! Sakamako ya fito, tarin fuka ne. Ma'aikaciyar ta tambaye ni, "Malam, su wa ke kwana ɗaki ɗaya da kai?" Na shiga ba ta labarin kwano da kofi, har ina jin na yi abin kirki. Ta girgiza kai ta ce, "Ba ta kwano ake ɗauka ba. A iska take. In ka yi tari ko atishawa, ƙwayar tana daɗewa a ɗakin da ba ya shan iska. Gobe ka kawo su duka."

Jikina ya yi sanyi, domin 'yar autata mai shekara 3 ta kwana biyu ba ta cin abinci, ta daina wasa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Ba ta wani tari sosai, shi ya sa muka yi ta ba ta maganin maleriya. Ƙaramin yaro ba ya iya kawo kaki, sai aka yi mata hoton ƙirji, aka gwada bayan gidanta. Ta kamu. Na nuna musu tabon allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, a damtsenta, suka ce allurar tana kare yara daga nau'in da ya fi muni, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Uwarta da yayanta an same su lafiya, aka ɗora su a kan maganin rigakafi.

Nawa maganin na wata 6 ne, wata 2 na farko haɗin magani huɗu, sauran wata 4 guda biyu. Fitsari ya koma ja-ja, an riga an faɗa mini aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan. Kafin wata 2 tari ya ɗauke, na fara ƙiba, wasu a kasuwa suna cewa in huta da shan ƙwaya haka nan. Ban saurare su ba. Wanda ya yanke magani a tsakiya, cutar na iya dawo masa ba ta jin maganin farko. Ni kuma da nake narka wa yarinya nata a ruwa kowace safiya, tana kuka tana kawar da kai, ina na ga bakin tsallake ko kwana ɗaya?

Yanzu in na ji maƙwabcin rumfa yana tari, ba na kawaici. In ya kai mako 2, sai in ce ya je a duba kakinsa, ko ya kira 3340 kyauta a faɗa masa wurin gwaji mafi kusa. Wasu suna jin haushi, su ce ina yi musu mugun fata. Su ji. Kuma tambayata ta farko ita ce su nawa ke kwana a ɗakinsa.

Yarinyar ta warke, alhamdulillahi, a awo na ƙarshe ta mayar da jikinta. Bana da hunturu ya shigo, uwargida ta sayo barguna biyu a Taminus, ni kuma na cire ƙusar da na buga wa tagar.