Abin da tsofaffin takardu suka koya mini a aikin tsara shafi

Takardun da ake bugawa don a yi amfani da su yau a jefar gobe, irin su katin biki, rasit, tikitin silima, kalanda da takardar talla, sun koya mini tsara shafi fiye da duk darasin CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta, da na zauna. A maɗaba'ar da nake aiki akwai akwatin ƙarfe cike da ragowar ayyukan da aka buga tun kafin a haife ni, kuma idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, su nake zama ina juyawa.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne ƙarancin launi: baƙi zalla, ko baƙi da ja. Wani zai ce rashin wayewa ne, alhali lissafi ne. A injin wancan zamani, kowane launi sai takarda ta sake bi ta cikin inji, a wanke tawadar farko, a zuba wata, a sake daidaita komai. Launi biyu aiki biyu ne, kuɗi ma haka. Shi ya sa ja ba ya zuwa a banza. Duk inda ka gan shi, nan mai aikin yake so idonka ya fara sauka, ko dai sunan ango da amarya, ko farashi, ko ranar taro. A wasu katunan jan ya ɗan zame daga gurbinsa ya hau kan baƙi, kuma ni wannan zamewar tana burge ni, ko da yake na san a ranar wani ya sha faɗa a kanta.

Haruffan kuwa na dalma ne, ana tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, a jera su a juye, sannan a ɗaure su tamau cikin firam. Har sararin da ke tsakanin kalma da kalma ƙarfe ne ake cusawa. Ka shafa bayan katin da yatsa, za ka ji inda harafi ya danne takarda. Mai jerawa ba shi da ɗaruruwan salon rubutu kamar mu. Abin da ke cikin akwatinsa ke nan, wani babba, wani matsakaici, wani ƙarami, saboda haka dole ya yanke shawara tun kafin ya ɗauki harafin farko: wane zance ne gaba, wane ne baya. Wannan shawarar ita ce mu yanzu muke gudu. Kwastoma ya zo ya ce a ƙara girman sunansa, da na kakansa, da lambar waya, a sa fure, a sa ruwan zinariya, mu kuma mu yi ta ƙarawa tunda kwamfuta ba ta cewa a'a. Ƙarshenta kati ya zama kamar kasuwa ranar cinta, kowa na magana ba a jin kowa.

Takardun nan kuma suna faɗin shekarunsu ko ba kwanan wata. Rasit ɗin da aka yi lissafinsa da fam da sule ya girmi 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta fara aiki. Haruffa masu ƙugiya ma shaida ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana da ɓ da ɗ da ƙ nata, amma ƙananan maɗaba'u da yawa ba su da su, sai ka ga an buga harafin haka nan ba ƙugiya, mai karatu ya gyara da bakinsa. Su kuwa ƙasidun ajami da ake sayarwa a kasuwar Kurmi hanyarsu daban ce: marubuci ne ke rubutawa da alƙalami, a ɗauki hoton shafin a buga, don haka hannun mutum ne kake gani, har da adon da ya zagaye shafin da shi.

Yanzu duk aikin da aka ba ni, da baƙi kaɗai nake fara shi, da salon rubutu guda biyu. In kati bai karantu a haka ba, launi ba zai cece shi ba. Sai ya zauna nake ƙara launi ɗaya, in tambayi kaina inda tsohon mai jerawa zai kashe kuɗin jansa. Ba kowane kwastoma ke yarda ba, wani sai an mayar masa da furanninsa, kuma kuɗinsa ne.

Mai irin waɗannan takardu a gida kada ya kai a yi musu laminatin, domin zafi da gam suna kama takarda har abada, salatif kuma yana barin tabo. A shimfiɗa su tsakanin farar takarda, nesa da rana da laima, a riƙa leƙawa saboda gara.