TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Daren da kakin Abba ya koma kore

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka sallame mu daga asibiti da robar numfashi a wuyan dana Abba, bayan mashakon da ya kama shi a 2023 lokacin da cutar ta addabi Kano. Likitan makogwaro yace hanyar iskarsa ta tsuke, robar zata zauna sai abinda hali yayi.

Abinda ba wanda ya shirya ni akai shine yaron da aka hudawa wuya baya kuka da murya. Iskar ta robar take fita bata bi ta inda murya take, sai dai kiga bakinsa a bude hawaye na zuba amma shiru kake ji. Dan shekara 3 fa. Dole na daura masa 'yar kararrawa a kafa, in ya motsa da dare naji.

Sati 2 da dawowarmu muka koma ganin likita, Sista ta zuko kaki daga cikin robar aka kai dakin gwaji akace mu dawo bayan kwana 3, wai sai an shuka kwayoyin cutar sun tsiro kafin a gane su. Ranar da na karbo takardar naga an rubuta sunan wata kwayar cuta wai ita Sudomonas, a layi wata mata ta leka tace ai wannan itace mai sa nimoniya kuma bata jin magani, wlh kafafuna kasa daukata sukayi. Shi kuwa Abba yana ta tura motarsa ta roba a kan benci ko a jikinsa.

Likita ya karanta, ya sa abin sauraro a kirjinsa, ya kirga numfashi, ya tambayeni zazzabi nace babu, cin abinci nace lafiya lau. Kawai sai ya ajiye takardar yace bazai rubuta magani ba. Nace likita dan Allah ga cuta a rubuce? Yace Maman Abba zauna. Hanci shi yake tace iska ya dumama ta ya jika ta, to danki iskarsa bata bi ta hanci yanzu, kai tsaye take shiga, kuma kusan duk yaron da ya dade da roba in aka gwada kakinsa sai an samu kwayoyin cuta, wani Sudomonas wani Staf wani Kilebsiyela. Suna zaune ne a jikin robar, kinsan santsin nan da yake kama cikin randa in an kwana biyu ba'a wanke ba? to irinsa suke ginawa kansu su buya a ciki, magani baya ratsa shi sosai. Zamansu a wurin daban, saukarsu huhu su kunna ciwo daban. Yace yaron zaki dinga kallo, ba takarda ba.

Ni dai na fito ban gamsu ba. A gida Hajiya, mahaifiyar Baban Abba, tace wane irin likita ne zaiga cuta ido da ido ya kyale, kuma ban ga laifinta ba dan nima haka zuciyata take fada min. Baban Abba ya fita kemis ya siyo Amoxicillin na ruwa, da hannuna na bashi kwana 5. Ba abinda ya kara mana sai gudawa. Daga baya ne na sani ita Sudomonas wannan maganin ko gezau bata yi da shi, kwayoyin cikin Abba masu amfani kawai muka kashe. Har yau abin yana cina.

Sai hunturu ya shigo da kurarsa. Kakin ya fara kauri yana daskarewa a bakin robar, kullum ina diga ruwan salin (ruwan gishiri na asibiti) ina zukewa da inji, an koya min kar na wuce dakika 10 a ciki dan lokacin da nake zuka iskarsa nake janyewa. Wani daren Talata wajen karfe 1 naji kararrawa tana ta kara ba kakkautawa. Na haska fitilar waya, jikinsa zafi rau, na sa tamomita 39. Dana zuko kakin, wanda na saba gani fari-fari kamar ruwan koko ya koma kore shar, ga wani wari mai zaki-zaki da ban taba ji ba, in na zuke kafin minti 20 ya sake cika. Na daga rigarsa naga kasan hakarkarinsa yana lotsawa ciki duk numfashi. Na kirga da agogon waya kamar yadda Sista ta nuna min, 56 a minti daya, ita kuma tace dan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 to yayi sauri. Abin yatsan nan mai auna iskar jini ya nuna 88.

Ana cikin haka aka dauke wuta. Injin ya mutu a hannuna. Baban Abba yana waje yana ta jan janareto yaki tashi, ni kuma na jawo na kafa da muka siya dan irin wannan rana, ina takawa ina zuka ina La'ilaha illa anta subhanaka, Hajiya ta rike min fitila hannunta na rawa. Makocinmu mai adaidaita Allah ya saka masa da alkhairi, shi ya kaimu.

A asibiti aka jona masa oksijin ta robar, hoton kirji ya nuna fari a kasan huhun dama. Likitan da ya hana mu magani wancan karon shine da safe ya rubuta allurai biyu ta jijiya, Ceftazidime da Gentamicin, yace yanzu kam kwayoyin cutar sun sauka huhu, kuma tsohuwar takardar nan ita ta nuna masa wanda zai fara da shi kafin sabon gwaji ya fito. Aka cire robar aka sa sabuwa. Na karbi tsohuwar na duba cikinta a haske, wani yauki kore ya lullube ta har ramin ya rage, ta nan dana yake shakar iska duk kwanakin nan.

Na fadawa likita zancen Amoxicillin din kaina a kasa. Baiyi fada ba, tambayata kawai yayi waye yake wanke hannu kafin ya taba robar a gidanmu, kuma a ina nake shanya bututun zukar bayan na wanke. Nace a gefen wajen wanke-wanke. Ya girgiza kai yace wurin danshi shine gidan Sudomonas.

Sai kwana na 4 zazzabin ya sauka. Da asubar na 5 ina sallah naji kararrawa, na sallame na juya na ganshi zaune yana nuna min kofin shayi da yatsa. Kwananmu 11 aka sallame mu, kuma a ranar ne likitan makogwaro ya kira Baban Abba gefe yace akwai maganar aiki da yake so muyi. Sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.