Lambar Hwarang da ta iso a makare

Ɗazu ina zaman jiran layi a shagon aski na ci karo da wani ɗan bidiyo daga Koriya ta Kudu. Wata dattijuwa ce ke karɓar lambar yabon soja ta Hwarang a madadin mahaifinta, wanda ya yi yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Tun lokacin aka rubuta masa ita, amma hargitsin yaƙi ya hana ta isa hannunsa har ƙasa ta rufe masa ido. Ko hawaye ba ta yi ba, sai shafa ƙyallen lambar take da babban yatsa.

A 1950 aka ƙirƙiro lambar yabon sojan ƙasar, yanzu matakanta 5, Hwarang ɗaya ce daga ciki. Ta ƙoli ita ce Taegeuk, sunan da'irar nan mai ja da shuɗi ta tsakiyar tutarsu. Sauran duk sunayen jaruman da ne, kamar Eulji da ya tarwatsa rundunar daular Sui ta China a 612. Hwarang kuwa, ta huɗu, samarin mayaƙan tsohuwar masarautar Silla ta Koriya ne. Tun 2019 akwai doka ta musamman don nemo masu irin waɗannan lambobi ko magadansu. Ni dai tambayar da ta tsaya mini ita ce, shi bawan Allahn nan ya ma san an taɓa rubuta sunansa kuwa?