Abin da renon moda a kwalba ya koya mini

Aikina na shekarar ƙarshe a sashen nazarin tsirrai a nan Katsina shi ne yawaita shukokin ado masu kyawun ganye ta hanyar renon ɗan yankin tsiro a cikin kwalba. Na zaɓi moda mai ratsin rawaya a gefen ganye, irin wadda ake jerawa a ƙofar ofisoshi da otal-otal.

Ƙa'idar aikin tsohuwa ce. Tun 1957 Skoog da Miller suka nuna a kan taba cewa sinadaran girma biyu ne ke jan ragamar abin da zai fito. In saitokinin ya rinjayi oksin, toho ake samu, in kuma oksin ya rinjaya, saiwa. In suka yi kunnen doki, sai wani dunƙulen tsoka marar siffa da muke kira kalos. Abincin tsiron kuwa haɗin Murashige da Skoog ne na 1962, da sukari giram 30 a lita, a daskarar da aga (garin da ake samu daga ciyawar teku, mai sa ruwa ya daskare), a turara a zafin digiri 121 na minti 15.

Abu na farko da kwalabe suka nuna mini shi ne yawan sinadari ba ya nufin yawan amfani. Inda muka ƙara BAP (wani nau'in saitokinin) sosai, toho ya fito cunkus, har abokan aikina suna murna. Amma in ka ɗaga kwalbar ka duba ta hasken fitila, za ka ga ganyen a kumbure, jiƙe sharkaf, yana ɗaukar ido kamar gilashi. Irin wannan da wuya ya yi saiwa, ko an mayar da shi cikin IBA, wato nau'in oksin mai fito da saiwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ratsin. Tsiran da suka fito daga yankakken ganye lafiyarsu lau, sai dai duk kore ne, rawayar ta ɓace. Dalili kuwa, wannan moda ƙwayoyin halitta iri biyu ne a jikinta, masu koren sinadari da marasa shi, a jere hawa-hawa. Sabon toho daga ganye yakan tashi ne daga masu koren kaɗai. Babu BAP ko NAA (wani nau'in oksin) da zai dawo da ratsin. Mai son ya tsira da shi sai ya ɗauki idon toho daga jijiyar ƙarƙashin ƙasa. Da na nuna wa wani dattijo mai sayar da fulawa, ya juya tukunyar ya ce, "Ɗiyata, tana da kyau, amma mai saye ratsin yake biya." A ganina, duk rahoton da ya ƙirga yawan toho bai faɗi kamannin ganyen ba, bai cika ba.

Fitar da tsiro daga kwalba ma aiki ne mai zaman kansa, musamman da hunturu. Ganyen da ya saba da laima bai iya rufe ƙofofin numfashinsa da kyau ba, busasshiyar iskar Katsina kan ƙone shi cikin yini guda. Mukan wanke agar daga saiwa, mu dasa a rairayi da ɗan taki, mu rufe da farar leda a inuwa, sannan mu riƙa huda ledar kaɗan-kaɗan har mako biyu ko uku kafin a cire ta gaba ɗaya.