Yadda na koyi tayar da lotsewar mota ba tare da taɓa fenti ba

Shekara 6 na yi ina gyaran jikin mota ta hanyar da kowa ya sani: a bubbuga ƙarfe da guduma har ya kusa daidaita, a shafa fila, wato ƙullun da ake cike ramin ƙarfe da shi, a goge, a fesa fenti. Hannuna ya saba, hankalina kwance. Sai ranar da aka kawo wata baƙar mota da ƙofar wata motar ta dake ta a gefe. Lotsewar ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, fentin kuwa ko ƙwarzane babu. Mai motar ya ce shi fa ba ya so a taɓa masa fentin kamfani. Aka kira wani dattijo mai aiki da sandunan ƙarfe. Ya sauke gilashin ƙofar, ya zura faifan roba don ya kāre gilashin, ya cusa ɗan abin buɗa rami tsakanin gilashi da jikin ƙofa, ya kafa wata fitila mai ratsin layuka a gefe, ya zura sanda, ya zauna a kan kujera. Awa ba ta cika ba lotsewar ta ɓace. Na shafa wurin da tafin hannu, na duƙa na leƙa ta gefe, na miƙe na duba ta sama, ban ga alama ba. Gani ya kori ji. A makon nan na je na roƙe shi ya ɗauke ni ɗan koyo.

Na zaci zai ba ni mota in gwada, tunda ni ba baƙo ba ne a harkar. Tsohuwar ƙofa ya ba ni, wadda aka ciro daga motar da ta mutu, ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, ya zana mata gidaje kamar na dara da alƙalamin maka. Ya ce, "Ɗana, ba turawa nake so ka koya ba tukuna. Nemo mini bakin sandarka." Na ce, "Maigida, ai tana hannuna." Ya ce, "Gindinta ne a hannunka. Bakin yana bayan ƙarfe, nuna mini inda yake."

A nan na fara gane aikin. Sandar tana bayan ƙofa, ba ka ganinta. Abin da kake gani kawai shi ne hoton layukan fitila a kan fenti. In ka danna a hankali, ƙarfen yana ɗan motsi a wuri guda, layukan su ɗan karkace a daidai nan, ka saki su koma. Wannan ɗan motsin shi ne bakin sandarka. Ƙarfen jikin mota siriri ne, galibi tsakanin milimita 0.6 da 0.8, saboda haka ba ya buƙatar ƙarfi kafin ya amsa. Ido ne yake jinkirin koyo. Mako 3 na yi ba abin da nake yi sai kai bakin sanda kan mahaɗar layukan da ya zana, in tayar da ɗan tudu kamar ƙwayar gero, in sake kwantar da shi. Da yamma idanuna na ruwa, wuyana ya sanƙare. Sau da yawa ina rantsuwa a raina cewa ina kan ɗigon, sai in ga tudun ya fito da tazarar yatsa guda daga inda nake nufi.

Da ido ya fara buɗewa, sai layukan suka zama kamar rubutu. Inda ƙarfe ya shiga ciki, layukan suna buɗewa su yi faɗi. Inda ya taso, suna matsewa su haɗu. Ba a kafa fitila a daidai kan lotsewa, ana ja da ita baya, kai kuma ka zauna a ɗaya ɓangaren, lotsewar tana tsakaninku. Ƙaramar lotsewa mai zurfi tana son fitila kusa, mai faɗi marar zurfi sai an ja fitilar nesa kafin ta nuna kanta.

Ranar da ya lotsa ƙofar da kansa ya ce in gyara, tsohuwar ɗabi'ata ta dawo. Na kai sanda tsakiyar ramin na tura da ƙarfi, kamar yadda na saba da guduma. Ramin bai tashi ba, sai ƙuraje suka fito a cikinsa kamar ƙyanda. Maigidan bai yi faɗa ba. Ya kama yatsana ya zagaya da shi bakin lotsewar, ya ce, "Ka ji wannan?" Akwai wani ɗan tudu da ya kewaye ramin, ba ya ganuwa sai a fitila. Gammo yake kiransa. Lokacin da abu ya daki ƙarfe ya tura shi ciki, ƙarfen da ke kewaye yana tasowa ya taru, kuma shi ne yake riƙe da ramin ya hana shi dawowa. Muddin gammon yana nan, duk turawar da ka yi daga baya faɗa kake yi da ƙarfen. Ana kwantar da shi ne daga waje, da wani abu kamar alƙalami mai bakin roba, a ɗora a kan tudun a ƙwanƙwasa da 'yar ƙaramar guduma, bugu marar nauyi, ana zagayawa. Na tsaya ina kallo yana ƙwanƙwasa gefe, ramin da ke tsakiya yana raguwa da kansa tun kafin ya taɓa sanda. Shekara 6 ina bugun ƙarfe ban taɓa lura da wannan ba, don fila tana rufe komai.

Daga nan aikin ya zama kai da komowa: a kwantar da gammo, a ɗaga ramin kaɗan, a sake komawa gammo. Ana farawa da sanda mai faɗin baki, a naɗe bakin da tef don ya yi laushi, sai a ƙarshe a ɗauko mai tsini a bi 'yan ramukan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Lotsewa guda tana iya cin turawa ɗari ko fiye, kowace ƙarama ce, kowace kusa da 'yar'uwarta. Fentin kamfani ma ba santsi ne da shi kamar madubi ba, yana da ɗan kaushi irin na ɓawon lemo, kuma dole wurin da ka gyara ya saje da wannan kaushin. In ya fi kewayensa santsi, ido zai kama shi a rana.

Zafi ma na koye shi da wuri. Fenti mai sanyi yana tsagewa in aka lanƙwasa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, musamman a lotsewa mai zurfi. Ana ɗumama wurin da na'urar hura zafi, hannu yana yawo, ba a tsayawa wuri guda. Ma'auninsa bayan hannu ne: in ba ka iya jurewa, fentin ma ba zai jure ba.

Akwai wuraren da sanda ba ta shiga: gefen rufi mai ƙarfe ninki biyu, bayan ƙarfen kariya da ke gicciye a cikin ƙofa, da wasu sassan baya. Wasu suna huda rami su zura sanda. Maigidana ya hana ni wannan tun ranar farko, ya ce ramin da ka huda ƙofar tsatsa ka buɗe wa mai mota bai sani ba. A irin wuraren nan da gam ake aiki. A goge wurin da sifirit, a narka gam da bindigarsa a kan ɗan maɓallin roba, a manna a tsakiyar lotsewa, a jira ya kama, a ja da abin ja. Sifirit ɗin ne kuma yake sakin gam ɗin bayan an gama. Gam ba ya ja daidai, kusan kullum yana wuce gona da iri, sai ka dawo ka kwantar da abin da ya taso.

Da gam ɗin nan na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Wata 8 da fara koyo, na karɓi aikin wata farar mota ni kaɗai, lotsewa a saman tayar baya. Fentin yana ƙyalli, ban yi shakkar komai ba. Na manna, na jira, na ja. Maɓallin ya taso da fentin gaba ɗaya, da fila manne a bayansa, ƙarfe ya bayyana tsirara daidai girman maɓallin. An taɓa gyara wurin an sake fesawa, kuma fentin da aka fesa daga baya ba ya kama jiki kamar na kamfani da aka gasa. Jikina ya yi sanyi. Na kira mai motar na nuna masa, na faɗa masa cewa laifina ne don ban bincika ba. Ya ce shi ma a hannu ya saye ta, bai san an taɓa ta ba. Na ɗauki nauyin fesa masa ɓangaren. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin ya zo wurina don gudun fenti, ni kuma na jefa shi a ciki.

Bayan nan na sayi na'urar auna kaurin fenti, kuma ba na manna gam sai na ɗora ta. Fentin kamfani galibi yana tsakanin maikuron 100 da 180 (maikuron 1000 ne milimita 1). In na ga 300 ko 400, na san an sake fesawa. In ta haura 1000, fila ce kwance a ƙasa. Ina aunawa a wurare da yawa, in kwatanta da ƙofar da ke ɗaya gefen. Ɗan maganaɗisu ma yana aljihuna, don in san ƙarfe ne ko alminiyan, tunda ba ya kama alminiyan. Motoci da yawa yanzu bonet ɗinsu na alminiyan ne, Ford F-150 kuwa tun 2015 jikinta na alminiyan ne. Ƙarfe yana da halin son komawa yadda aka buga shi a kamfani, kana taimaka masa ne kawai. Alminiyan ba ya da wannan halin sosai. Yana buƙatar turawa mai nauyi da ɗumi, sannan in ya tashi yana iya zarcewa farat ɗaya.

Aikin ƙanƙara shi ne ya gwada haƙurina. Mota ta zo da ƙananan ramuka fiye da ɗari a rufi da bonet. Sai an sauke silin ɗin ciki kafin sanda ta sami hanya, kuma kafin a taɓa shi sai an cire kan batir, don jakunkunan iska na gefe, masu buɗewa a lokacin hatsari, a nan suke kwance. Kwana 2 na yi a rufin kaɗai, ina kewaye kowane rami da maka, ina gogewa in na gama da shi.

Yanzu akwai ayyukan da nake mayarwa, kuma ba na jin kunyar haka. In fenti ya tsage, ko lotsewar ta faɗa a kan ƙarshen ƙofa inda aka naɗe ƙarfe, ko ƙarfen ya miƙe har yana shiga yana fita kamar murfin gwangwani in ka danna, ina faɗa wa mai mota gaskiya: zan iya ragewa, amma ba za ta ɓace ba. Wasu sun yarda da hakan, wasu na tura su wurin masu fila da fenti, aikin da na san darajarsa don daga can na fito. Wanda na karɓa kuwa ba na cewa na gama sai na juya fitilar zuwa wata kusurwa na sake dubawa, sannan na fitar da motar rana. Sau da yawa abin da ya ɓuya a gefe guda yana fitowa fili a ɗayan.

Abin da nake fama da shi har yau shi ne lotsewar da ta faɗa a kan layin da ke ratsa jikin ƙofa, inda kamfani ya karya ƙarfen don ya yi ƙwari. Ƙarfen nan ya fi tauri, gammon yana fitowa sama da ƙasa, kuma sai ka fara dawo da kaifin layin kafin ka taɓa sauran. Na kan sami ramin ya tashi amma layin ya ɗan karkace, kaɗan ne, mai mota ba ya gani, ni ina gani. Na samo wata tsohuwar ƙofar mai layi biyu na ɗaure ta inda ta farkon take. Jiya na lotsa ta a wuri 4, na gyara 3, ta huɗun tana jirana gobe da safe.